A Ƙyale Muzurun Nan, A Dubi Wayar

Don Allah a bar muzurun nan ya huta. Tun da wani mai kiwo ya fitar da hotunan ɓarnar da muzuru ya yi wa kajinsa a cikin keji, kowa ya hau muzurun da tsinuwa, wani har yana cewa a sa masa guba, sai ka ce shi ya je ya auno wayar, shi ya biya kafintan. Allah ya mayar wa bawan Allahn nan da alheri, da zuciya ɗaya na faɗa. Amma ku koma ku buɗe hoto na biyu. Ku bar kallon gashin da ya watse a ƙasa, ku dubi kejin. Wayar kaji ce siririyar nan mai kusurwa shida, wadda ɗan firamare zai lanƙwasa da yatsu biyu. An kafe ta da ƙananan ƙusoshi a jikin katakon da gara ta fara ci, ƙasan kuma turɓaya ce zalla. A nan aka zuba ƙananan kajin ado irin Sebright da Silkie, aka ja ƙyaure, aka tafi aka yi barci har da minshari.

Wannan wayar aikinta ta hana kaza fita, shi ke nan. Wanda ya ƙera ta bai taɓa yi maka alkawarin za ta hana wani abu shiga ba. Kare yana yaga ta da haƙori, tsatsa na cinye ta a damina ɗaya ko biyu, idonta kuma ƙaramin maciji da ɓera suna ratsawa ba tare da sun yi sallama ba.

Abin da ke ba ni haushi, mutanenmu na sayen bantam, wato irin ƙananan kajin nan, amma tunaninsu na kazar Hausa ne. Kazar Hausa inuwar shirwa kawai za ta gani ta yi ƙara ta shige ƙarƙashin rumbu da 'ya'yanta, magariba na yi ta haye katanga ko bishiya. Silkie fa? Ko tashi ba ta iya yi, irin gashinta ba na tashi ba ne, tukkun kanta ma sau da yawa rufe mata ido yake. Zakaran Sebright da ya gama girma giram 600 ne da 'yan kai. Serama ta Malesiya da ake yayi yanzu, da yawansu ko rabin kilo ba su kai ba. Abin da zai yi shakkar tunkarar ƙatuwar kaza irin Brahma, waɗannan loma ɗaya zai yi da su. Iya ƙanƙantar kazarka, iya yawan maƙiyanta: muzuru, tunku, shaho, mujiya, damo mai shan ƙwai, gamsheƙa, hankaka mai ɗauke 'yan tsaki, har da ɓeran kwata. Ka tara musu abinci wuri guda, ka kewaye da wayar da ba ta hana shiga, sannan ka zo kana mamaki.

Na san abin da za a ce. "Ai ƙaddara ce." To wa ya musa? Amma ai mun sha ji a wa'azi, a ɗaure raƙumi tukuna sannan a yi tawakkali. Mu wuce.

"Ai ni a cikin birni nake, babu namun daji." Sannu ɗan birni. Muzurun da ya yi ɓarnar nan daga dajin Falgore ya taso? A bayan gidan maƙwabci yake kwana. Shirwa kuwa ɗaga kanka kusa da kowace mahauta ka ƙirga.

"Kakanninmu da akurkin laka suka yi kiwo." Wannan ce ma ta fi ba ni dariya, don akurkin kakarka ya fi kejinka tsaro nesa ba kusa ba. Ƙofa ɗaya gare shi 'yar ƙarama, da magariba a kora kaji ciki a toshe da dutse ko guntun turmi, babu ta inda farce zai shiga. Tsohuwar ta san abin da take tsarewa. Kai ka yar da nata, ka kwaikwayi hoton intanet rabi da rabi.

Yanzu maganar gaskiya, ban da wasa, ga wanda ke son kajinsa su kwana lafiya. Nemi waya mai kauri wadda aka yi wa walda a kowace mahaɗa, mai ido murabba'i na rabin inci, wato santimita 1.3 ko kusa da haka. In kana Kano ka shiga Ƙofar Ruwa ka taɓa da hannunka, kada ka aiki yaro ya ce "a ba ni wayar kaji", don waccan za a miƙo masa. Kejin kuma fuska shida gare shi, mutane huɗu kawai suke gani. Sama a rufe saboda shaho da mai hawa katanga. Ƙasa a yi daɓen siminti, in ba hali a binne wayar ta nutse kamar santimita 30, ko a shimfiɗa ta waje kewaye da kejin a rufe da ƙasa, mai tono ya fara ya ci karo da ƙarfe. Gafiya ba don kaza take haƙa rami ba, dusa take bi, amma ramin da ta bari shi tunku da maciji za su bi gobe. Shi ya sa kwanon abinci ba ya kwana a ciki, ƙwai ma a kwashe kafin dare.

Bakin wayar a danne shi da wani katako a ɗaure da sukuru, ko mai walda ya yi firam ɗin da ƙarfe gaba ɗaya ka huta da gara. Ƙofa sakata biyu, sama da ƙasa, don ta kusurwar da ke lilo ake turawa a shiga. Ka zagaya da babban yatsanka, duk inda ya shige, wani abu zai shige. Sandan da suke kwana a kai kuma a janye shi daga jikin waya. Wanda ya taɓa tashi da asuba ya tarar da kaza a cikin keji a rufe amma babu kai, ya san dalili: a jingine da waya ta kwana, aka zuro hannu daga waje.

"Zafi zai kashe su." A watan Afrilu da ake haura digiri 40, kwanon rufi maras silin ne ke kashe kaji, waya ba ta tare iska. Sa kejin a inuwa, ka shimfiɗa zana a kan kwanon.

"Wayar ta yi tsada." Ta yi. Rage kaji biyu cikin waɗanda ka yi niyyar saya, kuɗin waya ya fito. Mutum ya iya biyan kuɗin mota a kawo masa Silkie daga wani gari, a zo kan waya ya tuna da tattali! Araha dai ba ta ado.

Masu cewa a sa guba, ku yi wa Allah ku bari. Magen maƙwabta za ta ci, ko kazar wani, ko yaro ya ɗauka. Ka kashe wannan muzurun, wani zai gaji unguwar kafin sati, wayar kuma tana nan yadda take.

Af, tunda hunturu ya ƙarato, lokacin da cutar Newcastle ke share gida guda cikin 'yan kwanaki: masu sayo allurar rigakafinta ta Lasota su jefa a aljihun gaba su hau babur cikin rana, wa ya koya muku? Abu ne da sai da ƙanƙara a fulas. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom tana yin wata allurar rigakafin, I-2, mai ɗan jure zafi, ita ma ba a ce a ajiye ta kan dashbod ba. Wanda ya san inda ake samunta a Kano a ajiye cikin firij mai aiki, ya taimaka ya faɗa mini.