Ganin Dala Ba Shiga Birni Ba: Nasiha Ga Ƙannena Masu Nazarin Waƙoƙin Sifaniya

Assalamu alaikum ƙannena, ku da kuke ɗaukar darasin adabin Sifaniya a jami'a. A 'yan makonnin nan mutum uku daga cikinku sun turo mini aikinsu in duba kafin su miƙa wa malami, abin da na gani kuwa ya hana ni yin shiru. Kowanne ya ɗauki waƙa ya bi ta ɗango-ɗango yana liƙa sunan adon harshe: nan metáfora (siffantawa), nan hipérbole (kambamawa), can anáfora (maimaitawa), sai ya ja layi ya rufe. Sunayen duk daidai suke. Amma ganin Dala ba shiga birni ba ne. Malaminku ya san sunayen nan tun kafin a yaye ku. Abin da yake jiran ji daga bakinku shi ne aikin da adon ya yi a cikin waƙar, da abin da za a rasa in an cire shi.

Mu ɗauki waƙar da kusan kowa cikinku zai ci karo da ita, marsiyyar da Jorge Manrique ya yi wa mahaifinsa Rodrigo, wanda ya rasu a 1476. Baiti 40 ce. A baiti na uku ya ce rayuwarmu koguna ce masu gangarawa teku, tekun kuwa mutuwa ce. Ɗaya daga cikinku ya rubuta "siffantawa" ya wuce. Haba ƙanena! Ai a nan ne aikin ya fara. Me ya sa ya zaɓi kogi, bai zaɓi hanya ko fitila ba? Domin kogi ba ya komawa baya, ba ya tsayawa hutu, kuma in ya shiga teku sunansa ya ɓace. Ka ci gaba da baitin za ka ji ya kawo manyan koguna da matsakaita da ƙanana, ya ce da sun isa can duk ɗaya suke, mai cin guminsa da mai dukiya. Ashe siffantawar hujja ce yake kafawa a kan daidaiton mutane gaban mutuwa, kuma ɗan babban gida ne yake faɗa, a kan uba jarumi mai muƙami. Sannan ka saurari ma'aunin: ɗango biyu masu gaɓa takwas-takwas, na uku ya zo a guntule, gaɓa huɗu ko biyar. A kan guntun nan kalmar mutuwa ta faɗo. Numfashinka na yankewa daidai inda rai ke yankewa. Wanda ya rubuta wannan a takardarsa ya yi nazari.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne kun fi abokan karatunku da yawa guzuri, amma kuna ajiye shi a ƙofar aji. Wanda ya zauna gaban malamin zaure ya ji balaga ya san tashbihi da isti'ara da kinaya. Wanda ya yi Hausa a sakandare ya san kamantawa da mutuntarwa da kambamawa. Idan Manrique ya shiga tambayar ina sarki Don Juan, ina 'ya'yan sarautar Aragon, ina ƙawarsu da wasanninsu, kunnenka ya riga ya san wannan salo daga waƙoƙin wa'azi da ke tambayar ina wane, ina wane. Ka san tambaya ce da ba a jiran amsarta, ka san yadda take sanyaya jiki. To, wannan sanyin shi za ka bayyana wa malami da hujja daga waƙar. Sai dai a kiyaye wuri ɗaya: mu da Larabawa nauyi da sauƙin gaɓa muke aunawa, su kuwa yawan gaɓoɓi suke ƙirgawa, kuma wasula biyu da suka haɗu a tsakanin kalmomi galibi gaɓa ɗaya ake lissafa su. Kada ka ɗora musu aruli.

Na lura kuma duk ukun daga fassarar Faransanci ko ta Ingilishi suka yi aikin. Wannan ganganci ne. Garcilaso de la Vega, wanda ya rasu a 1536, yana da ɗango biyu inda ya ce a cikin shiru ba abin da ake ji sai "un susurro de abejas que sonaba", wato gunjin ƙudan zuma. Furta shi da bakinka ka ji yadda sautin "s" ke bin juna har ƙudan su zo kunnenka. Fassara za ta ba ka ƙudan, ba za ta ba ka gunjin ba. Haka Luis de Góngora, mutumin Kurɗuba, wanda ya yi suna wajen gabatar da kalma da jinkirta wata har jimla ta zama kamar ƙulli. Mai fassara yakan warware ƙullin don sauƙaƙa maka, ka wayi gari kana nazarin abin da babu shi a gabanka.

Ku tsaya kan waƙar Góngora ta ƙuruciya mai ɗango 14, wadda ya yabi gashin budurwa da goshinta da leɓenta da wuyanta, ya gwada su da zinariya da furanni da ƙarau, ya ce ta more su tun da sauran lokaci. Ɗangon ƙarshe kalmomi biyar ya jera na abin da za ta koma: ƙasa, hayaƙi, ƙura, inuwa, babu. Sunan adon gradación, wato jerawa mataki-mataki, an ji. Amma duba tafiyar: ya fara da abin da za ka damƙa a hannu, ya ƙare da abin da ko ido ba ya gani. Bai sa "da" ko ɗaya a tsakaninsu ba, don kada a sami wurin tsayawa. Galibin waƙar yana gina kyau, ɗangon ƙarshe ya rushe shi.

Maimaitawa ma haka. Federico García Lorca ya yi makokin abokinsa Ignacio Sánchez Mejías, ɗan wasan bijimi da sa ya soke a 1934, ya yi ta nanata "ƙarfe biyar na yamma" bayan kusan kowane ɗango a kashin farko na waƙar. In ka ce maimaitawa ce don ƙarfafawa, ba ka ce komai ba, domin kowace maimaitawa a duniya za a iya faɗa mata haka. Faɗi abin da ka ji: agogon mai makoki ya tsaya a sa'a ɗaya, duk inda ya juya can yake komowa.

Game da kwafo sharhi daga intanet ba zan tsawaita ba. Ranar jarrabawa waƙar da ba ka taɓa gani ba za a iya ajiye maka, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Ku ukun nan, na mayar muku da takardunku. Ku zaɓi ado biyu kacal a maimakon goma sha biyun da kuka jera, ku karanta waƙar a bayyane sau uku cikin Sifaniyanci, ku ƙirga gaɓoɓin da yatsa, kowane ado ku ba shi sakin layi guda. In kun gama ku sake turo mini kafin Juma'a, in sha Allahu zan duba.