Satifiket ɗin ISO 9001 ba shaidar shinkafa mai kyau ba ce

Jama'a da yawa a nan Kebbi in suka ji an ce injin casar shinkafa kaza ya samu ISO 9001 sai su ɗauka wai an ɗanɗana shinkafar an ga ta fi ta kowa. A'a wallahi ba haka abin yake ba. Shi wannan ma'auni na ƙasa da ƙasa, wanda aka fara fitarwa a 1987, tsarin gudanar da aiki yake dubawa, wato tun daga sayen shanshera a hannun manoman Argungu ko Suru, waye ke auna danshinta, wa ke sa hannu kafin a turara, ina ake rubuta buhun da aka samu da tsakuwa, kuma in kwastoma ya dawo da kaya me ake yi don kar a sake. Masu odit, wato masu zuwa bincike kafin a ba da satifiket ɗin, takardun nan za su bi ɗaya bayan ɗaya su ga ko abin da ka rubuta shi ma'aikata ke yi.

Ingancin kayan kansa kuwa aikin NAFDAC ne da MANCAP, wato shirin tantance kayan da ake sarrafawa a gida na SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Najeriya.

Kuma don Allah mai ƙaramin inji kar ya ce ai ISO 9001 na manya ne, littafi ɗaya da biro sun isa ka fara rubuta matakan aikinka.