Ku daina ɗora wa edita laifin da na rashin shiri ne

Tun shekaranjiya ake ta caccakar wani yaro edita a kan abin da ya faru da wani shiri mai dogon zango da ya tace, har waɗanda ba su taɓa zama gaban kwamfutar tace hoto ba sun yanke masa hukunci, wai da gangan ya lalata aikin don an karɓe shi daga hannunsa an kai wa wani. Ina cikin sitidiyon nan na Titin Gidan Zoo a Kano a daren da abin ya faru, kuma ina faɗa da babbar murya cewa an zalunce shi.

Da idona na gani. Mai gyaran kala ya soka filashi, ya shigo da fayil ɗin XML da edita ya fitar daga manhajarsa ta tace hoto, Premiere Pro, cikin manhajar gyaran kala ta DaVinci Resolve, sai kusan rabin jerin hotunan ya koma ja, alamar manhajar ba ta gano inda ainihin bidiyon yake ba. Fassarar da ke ƙasan hoto ta ɓace, sunayen 'yan wasa babu su, fitowar faɗan da aka rage wa gudu ta koma tana tsalle. Furodusa ya miƙe yana cewa a nemo masa edita duk inda yake, janareto na ta shan mai, ga shi an riga an yi wa masu kallo alkawarin cewa washegari shirin zai hau YouTube.

Abin da nake so mu fahimta shi ne, fayil ɗin XML ba fim ba ne. Kamar takardar lissafin kayan lefe yake: tana faɗin atamfa nawa, leshi nawa, wanne ke cikin wane akwati, amma babu ko ƙyalle ɗaya a jikinta. Babban abin da yake ɗauke da shi shi ne sunan kowane bidiyo, daga wane firem aka yanka zuwa wane, da kuma inda aka ajiye shi a jeri. Gyaran kalar da aka yi da Lumetri a Premiere Pro, da daidaita girgizar kyamara, da rubutun da aka ƙawata, da duk abin da aka jawo daga After Effects, kayan gidan Adobe ne, kamfanin da ya yi Premiere, Resolve ba ta san yarensu ba. Wanda ya miƙa takarda ba tare da akwatuna ba, ko ya canza wa akwatunan suna a hanya, bai kamata ya yi mamaki ba idan dangin amarya suka ce ba su ga kaya ba.

Kuma wannan ba sabuwar matsala ba ce da ta fara a Kano. Tsarin EDL, wata tsohuwar takardar jerin yanka, wanda har yau ake amfani da samfurinsa na CMX 3600, tun zamanin kaset yake, layin hoto ɗaya yake ɗauka, kuma ba ya wuce yanka 999. XML ɗin da Premiere ke fitarwa na tsohuwar manhajar tace hoto ta Apple ne, Final Cut Pro 7. A 2011 Apple ta fito da sabuwar Final Cut da nata tsarin, FCPXML, wanda Resolve ke karantawa amma Premiere ba ta buɗe shi kai tsaye. Masu haɗa sauti a manhajar Pro Tools kuwa wani tsarin fayil daban, AAF, suke nema. Wahalar ce ta sa kamfanin Pixar na Amurka ya soma OpenTimelineIO domin a samu yare ɗaya da kowa zai ji, kuma shi ma jerin yanka yake kaiwa, ba ya kai kwalliyar da aka yi wa hoto. Idan masu irin wannan kuɗi da kayan aiki suna fama, don me za a ce yaro ɗaya ya warware ta cikin dare guda?

Na ji masu cewa ai a waje ana kai aiki daga wannan manhaja zuwa waccan lafiya lau. Gaskiya ne, amma a can akwai wanda aikinsa ke nan, ya zauna ya daidaita jerin da aka kawo da ainihin hotunan firem bayan firem, kuma an ware masa kwanaki da kuɗinsa tun a kasafi. Masu cewa kowa ya koma manhaja ɗaya a huta kuma, ba zan tsaya jayayya da su ba. Editan da ya shekara goma hannunsa na kan Premiere ba zai sauya cikin mako guda ba, mai kala kuma yana da hujjarsa ta riƙe Resolve.

Rashin shiri ne, kuma zan ci gaba da maimaitawa. Tun kafin a fita lokeshan ya kamata a san wa zai yanka, wa zai yi kala, wa zai haɗa sauti, da manhajar kowannensu. A wannan aikin kyamara ɗaya ta ɗauka a kan firem 25 a daƙiƙa, ɗayar a kan 23.976, ba wanda ya tambaya. Kowane kati aka sauke, sunan bidiyon farko C0001 ne, aka zuba su ba tare da an raba kwanaki ba, shi ya sa Resolve ta ɗauko fitowar kasuwa ta saka a gurbin fitowar falo. Wannan laifin edita ne? Ba a ba shi ko wuni ɗaya ya tattara layukan hotonsa wuri guda ba, ya fitar da guraben da ke da kwalliya a matsayin bidiyo na daban, ya haɗa da kwafin fim ɗin mai ɗauke da lambar lokaci domin mai kala ya riƙa gwadawa. Gwajin minti biyu da an yi shi mako guda kafin nan, da ya tona duk wannan. Ƙarfe tara na dare aka ce masa ya ba da aiki, ya bayar da abin da aka tambaye shi.

'Yan'uwana furodusoshi, don Allah ku sa miƙa aiki cikin kasafi kamar yadda kuke sa kuɗin mota da na abinci. Yaran nan da ke kwana gaban allo idonsu na ruwa su ne ke riƙe da rabin mutuncin fim ɗinku, kuma kalma ɗaya da kuka faɗa cikin fushi tana iya hana mutum aiki na shekara.

Wani abin da ke hana ni barci ma shi ne tsofaffin ayyukanmu. Akwai finafinan da aka tace da Final Cut Pro 7, wadda ba ta tashi a kan sababbin kwamfutocin Apple, suna nan kwance cikin ma'ajiyan kwamfuta (hard disk) a durowa. Wanda bai fitar da XML a lokacin ba, yau sai ya nemo tsohuwar kwamfuta kafin ya ga jerinsa. Makon jiya na buɗe tawa durowar na ƙirga ma'ajiya shida, biyu daga ciki ko juyawa ba sa yi.