Kada a mayar da laifi kan likitocin Chester

Tun da kwamitin ƙwararrun likitocin jarirai ƙarƙashin jagorancin Dakta Shoo Lee na ƙasar Kanada ya bayyana a watan Fabrairun 2025 cewa bai ga hujjar kisa ba a mace-macen jariran asibitin Countess of Chester, wata sabuwar waƙa ta kunno kai a Ingila. Masu rera ta suna cewa manyan likitocin da suka zargi ma'aikaciyar jinya Lucy Letby sun yi garaje, shugabannin asibitin da suka ja ƙafa kuwa dattaku suka nuna. Wannan ra'ayi yana da haɗari, kuma bai kamata a bar shi ya samu gindin zama ba.

Batun ko Letby ta kashe jarirai bakwai, kamar yadda kotu ta yanke a watan Agustan 2023, yana gaban hukumar da ke sake duba hukunce-hukuncen kotu, kuma can ya dace a bar shi. Amma ko da gobe aka wanke ta, babu abin da zai goge cewa tsakanin Yunin 2015 da Yunin 2016 jarirai sun riƙa mutuwa a sashen bakwaini fiye da yadda aka saba, kuma likitoci irin su Stephen Brearey da Ravi Jayaram sun lura, sun kai kukansu ga na sama. Shi kansa kwamitin Dakta Lee ya danganta wasu daga cikin mace-macen da rashin kyakkyawar kulawa. Ke nan ko ra'ayin wane ne aka ɗauka, akwai abin da ya lalace a sashen, kuma waɗanda suka ƙi yin shiru su ne suka sauke nauyin da ke kansu. Sakayyar da suka samu ita ce umarnin rubuta wa Letby takardar ban haƙuri a farkon 2017, 'yan sanda kuwa sai a watan Mayun wannan shekarar suka shigo cikin lamarin.

Abin takaicin shi ne Ingila ta riga ta sha wannan darasi. Dakta Stephen Bolsin, wanda ya fallasa yawan mutuwar yaran da ake yi wa tiyatar zuciya a Bristol a shekarun 1990, sai da ya tattara iyalinsa ya koma Ostireliya. Bayan abin kunyar asibitin Stafford, inda aka yi mummunan sakaci wajen kula da marasa lafiya, lauya Sir Robert Francis ya fitar da rahoto a watan Fabrairun 2015 yana ba da shawarar a naɗa jami'i a kowace hukumar asibiti domin karɓar ƙorafin ma'aikata, watanni kaɗan kafin jarirai su fara mutuwa a Chester. Dokar kare masu kwarmata bayanai kuwa tana nan tun 1998. Duk wannan bai hana a tsoratar da manyan likitoci ba, balle ƙaramar nas wadda ba ta da kowa.

Masu cewa a bi matakan cikin gida cikin haƙuri kamar ba su karanta labarin ba ne, domin matakan cikin gidan aka bi sama da shekara guda. Aibin tsarin a bayyane yake: wanda ake kai wa ƙorafin shi ne wanda sunansa da kujerarsa za su shiga matsala idan ƙorafin ya tabbata, wato an ba kura ajiyar nama. Shugaban da aka ɗora wa kare martabar asibiti zai fi ganin mai ƙorafi a matsayin fitina, kuma babu adadin horon da zai canja wannan lissafi.

Mu ma a Najeriya ba mu da bakin yi musu dariya. Tsarin kwarmato da Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta ƙaddamar a watan Disambar 2016 kan kuɗin sata ya tsaya, da ladan kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari na abin da aka ƙwato, kuma bai tanadi komai ba ga ma'aikacin lafiyar da ya ga ana ba marasa lafiya maganin da ya lalace. Abin da ake buƙata a can da nan shi ne ofishi mai zaman kansa a wajen asibiti, wanda zai iya buɗe bincike ba tare da neman izinin shugaban asibitin ba, da kuma hukunci a kan duk shugaban da aka samu ya muzguna wa mai ƙorafi, har ya kai ga hana shi sake riƙe irin wannan muƙami.