Malam, kafin yaro ya taɓa kwamfuta, tambaye shi: kuɗin me?

'Yan uwana masu koyar da rubuta manhaja a nan Kaduna, akwai sakacin da muke yi, ni ma ban wanke kaina ba. Sai mu zana kilas a allo, wato tsarin da ake gina abubuwan cikin manhaja a kansa, mu jera masa siffofi, wato bayanan da zai riƙe, x da y da z, mu yi tsalle zuwa darasin yadda wani kilas ke gadon siffofin wani da sauran manyan batutuwa don a san mun iya. Yaro ya kwafa, ya gyaɗa kai. Sai ranar da aka ce ya gina nasa asirinmu ya tonu.

Kwanan baya na ba ɗalibaina aikin manhajar adashi, irin wanda iyayenmu mata ke yi a Tudun Wada. Wani ya sa wa siffa suna "kuɗi". Na ce masa, kuɗin me? Zubin mutum ɗaya ne ko abin da za a kwasa? Na kullum ko na mako? Naira ko kobo? Ya yi tsuru-tsuru. Ga shi kuma ya ajiye shi a lamba mai ɗigo, alhali a Python, yaren rubuta manhaja, in ka tara 0.1 da 0.2 ba za ka sami 0.3 cif ba. Shi ya sa ake ƙirga kuɗi da kobo, a cikakkiyar lamba. Wata kuma ta ajiye lambar waya a matsayin lambar lissafi, sifirin farko ya ɓace, lambobi 11 suka koma 10. Yo wa ya taɓa tara lambobin waya biyu? Ai rubutu ce.

Wanda ya fi ɗaure musu kai shi ne jerin masu zubi. Suka rubuta shi a jikin kilas ɗin kansa, maimakon cikin __init__, sashen da ke aiki duk lokacin da aka ƙirƙiri sabon adashi, inda kowane adashi zai sami nasa. Sai jeri ɗaya ya zama na kowa. Ka ƙara mutum a adashin Kawo, ya ɓullo a na Barnawa. Wace uwar adashi ce za ta yarda da wannan? Kuma laifina ne, domin ban taɓa tsayawa na rarrabe musu siffar da duka suka yi tarayya a kai da wadda kowane abu ke riƙe da tasa ba.

Kada wani ya ce wannan ƙaramin abu ne. A 1999 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter saboda wata manhaja tana ba da lissafin ƙarfin turi da ma'aunin fam, wata kuma tana karɓarsa a matsayin wani ma'auni daban, niyuton.

Don Allah mu rage gudu. Ni dai yanzu ba mai kunna kwamfuta a ajina sai ya rubuta a takarda sunan kowace siffa, irin abin da take ɗauka, ma'auninta, ta wa ce, kuma wa ke da ikon canza ta. Wanda ya kasa yi min bayanin siffarsa da Hausa, na goge ta ya sake.