Wai in ban gamsu ba, in sauka in yi iyo

A ƙarshen makon da ya gabata wani yaro da na haifi wanda ya girme shi ya dubi tsabar idona a gaban iyalina, ya ce idan ban gamsu ba in sauka in yi iyo. Laifina shi ne na nemi rigar ceto kafin in zaunar da mahaifiyata a jirgin da zai dawo da mu daga wani ɗan tsibiri da muka je hutawa, irin tsibiran nan da ake tallatawa da hoton farin yashi da shuɗin ruwa, waɗanda ba su da gada ba su da filin jirgin sama, ta ruwa ake zuwa kuma ta ruwa ake dawowa.

Duk wanda ya saba irin wannan tafiya ya san yadda take. A ranar zuwa kai ne ranka ya daɗe, ana karɓar maka jaka, ana riƙe hannun tsohuwarka har ta zauna. Da zarar kuɗin zuwa da dawowa ya shiga aljihunsu, ƙafarka kuma ta taka tsibirin, ka tashi daga baƙo ka koma kaya, domin sun san ba ka da wata hanya sai tasu. Shekara da shekaru muna haɗiye wannan: lokacin da aka rubuta a tikiti ado ne kawai, inji ya mutu a tsakiyar ruwa a ce a yi haƙuri, a ƙirƙiro kuɗin jaka da ba a ambata ba a lokacin sayen tikiti.

Jirgin da aka ce zai tashi da la'asar bai iso ba sai da rana ta yi ja. Kafin fasinja ko ɗaya ya shiga, an riga an jibga masa tukwanen gas da akwatunan kwalabe da wani janareto da za a kai gyara, sannan aka fara cusa mutane har gefen jirgin ya kusa daidaita da ruwa. Na matsa kusa da yaron da ke karɓar tikiti, na ce, "Samari, sannu da aiki. Don Allah ina rigunan ceto?" Bai ɗago kai daga wayarsa ba, ya ce, "Suna nan." Na ce a ina. Sai ya tura leɓe wajen wani akwati da ke ƙarƙashin janareton, an garƙame shi da kwaɗo. Na tambayi makulli, ya ce yana wurin oga. Na tambayi oga, ya ce oga yana ƙetare.

Madalla da wannan hikima. Rigunan suna tafiya tare da mu a kulle, makullin kuma yana can kan tudu cikin aminci, ta yadda idan jirgi ya kife aƙalla ba za a ce an yi asarar makulli ba.

Na danne zuciyata na sake cewa, "To, mutum nawa aka rubuta jirgin nan ya ɗauka?" A nan ne ya ga dama ya ɗago. Ya dube ni tun daga hula har takalmi, a hankali, ya yi ɗan murmushi, ya ce, "Baba, ka shiga ko ka ba mutane hanya. Wannan shi ne na ƙarshe yau. In ba ka gamsu ba, ga ruwa nan, ka yi iyo." Ya faɗi haka yana nuna mini tekun da tikitina, kamar mai yi mini kwatancen hanya. Mun shiga, domin zaɓin da ya rage shi ne tsohuwa ta kwana a bakin gaɓa.

Abin da ya fi maganar yaron ciwo shi ne dariyar da ta biyo bayanta. Wani dattijo mai kamala ya dafa kafaɗata ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri, Allah ne mai kiyayewa." Babu mai musun haka, amma malamai sun koya mana a ɗaure raƙumi tukuna sannan a yi tawakkali. Mun zama mutanen da ke ganin mai tambayar rigar ceto a matsayin matsoraci mai ɓata wa jama'a lokaci, mai cika jirgi fiye da kima kuma gwarzo ne mai taimako. Da fasinja goma sun tsaya sun ce ba za su hau ba sai an buɗe akwatin nan, da an fasa kwaɗon a take.

Ba wai ba a san ƙarshen irin wannan ganganci ba. A ranar 26 ga Satumba 2002 jirgin Le Joola na Senegal, wanda aka ƙera domin mutum 580, ya kife a gaɓar Gambiya, mutum 1,863 suka rasu bisa ƙididdigar hukuma, adadin da ya zarce na Titanic. A 2011 jirgin Spice Islander ya nutse tsakanin tsibiran Unguja da Pemba na Tanzaniya da lodin da ya fi ƙarfinsa. A ranar 20 ga Satumba 2018 jirgin MV Nyerere ya kife a tafkin Victoria dab da tsibirin Ukara na Tanzaniya, mutanen da ke gaɓa suna kallo, mutum 228 suka mutu. Joola da Nyerere duka mallakin gwamnati ne, don haka kada wani ya ce matsalar ta 'yan kasuwa masu haɗama ce kaɗai.

Yarjejeniyar kare rayuka a teku ta SOLAS, wadda aka fara ƙullawa a 1914 bayan nutsewar Titanic kuma aka sabunta a 1974, jiragen da ke zirga-zirga tsakanin ƙasashe ta fi shafa. Ƙaramin jirgin da ke kai mutane tsibiri a cikin ƙasa ɗaya an bar shi a hannun gwamnatin ƙasar, kuma ko ƙa'idojin da hukumar sufurin teku ta duniya ta fitar a 2022 domin irin waɗannan jirage samfuri ne, wanda ya ga dama ya ɗauka. Gwamnatoci kuwa sun ƙware a ihu bayan hari: a kafa kwamiti, a sauke tuta, a raba rigunan ceto a gaban kyamara, bayan wata uku rigunan su koma akwati. Su ne kuma ke kashe kuɗi wajen tallata tsibiran da sunan bunƙasa yawon buɗe ido.

A matsayar jirgin akwai jami'i mai kaki da ke karɓar harajin shiga tsibiri, ya ƙirga kawunanmu ɗaya bayan ɗaya bai tsallake ko jariri ba, ya yanka rasit. A gabansa aka yi wannan lodi yana zaune yana lissafin kuɗi. Ina so hukumar da ta ajiye shi a wurin ta gaya mana dalilin da ya sa ya iya ƙirga masu biyan haraji amma aka hana shi ƙirga masu hawa jirgi.