Haɗin Gambiza: Bazazzage Zai Haɗa Kwamfuta

Wani shagon kwamfuta ne a titin Beirut cikin Kano, Bakano na goge shoogilas, Bafillace na kan benci yana jiran wayarsa ta cika caji, sai ga Bazazzage niƙi-niƙi da buhu.

Bazazzage: Salamu alaikum maigida, kaya na kawo a ɗaura mini kawai, komai na saya da kaina, wata uku ina tsinta ɗaya bayan ɗaya duk lokacin da na ga araha. Matana ma ya ce ban taɓa dabara irin wannan ba.

Bakano: Matarka "ya ce"? To daga nan aka fara samun matsala, wanda bai raba mace da namiji a magana ba ina zai raba kayan kamfanin Intel da na AMD. Zazzage buhun mu gani, dama sunanku ne.

Bazazzage: Ka dai duba, ga furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfutar kenan, Intel i3-12100F, ga madabod, allon da ake dasa komai a kai, B450 sabo fil.

Bakano: Innalillahi. Malam wa ya ɗaura wannan auren?

Bazazzage: Wane aure kuma?

Bakano: B450 gidan AMD ne, soket ɗinta AM4. Furosesar nan taka kuma ta Intel ce, LGA1700 take zama. Juya cikinta ka gani, akwai ƙafafu? Babu, sumul take, su Intel allurorinsu a jikin bod suke. Yanzu leƙa soket ɗin bod ɗinka, ramuka ne sama da dubu suna jiran allurai. Wannan na jira a soka masa, wancan na jira a soka masa, har Mahadi ya bayyana ba mai motsi.

Bafillace: Aradu kamar ka sayi nagge biyu ka zauna jiran ɗan maraƙi.

Bazazzage: To ba a ɗan dannawa? Mu a Zariya in abu ya ƙi shiga ana ɗan dannawa.

Bakano: Danna mana, in ta fashe sai ka rataya a wuya ka ce laya ce. Miƙo ram.

Bazazzage: Yauwa nan kam ba magana, DDR5 ne, na ga biyar ya fi huɗu shi ya sa.

Bakano: Kai da ake cewa garinku ilimi, wlh biyar ta fi huɗu a makarantar firamare amma bod ɗin nan DDR4 kaɗai ta sani. Tsawonsu ɗaya, fil 288 kowanne, amma dubi ɗan tsagin nan na ƙasa, ba wuri ɗaya aka yanka shi ba, da gangan masu ƙerawa suka yi haka saboda irinku masu dannawa. Wannan ɗan guntun kuma fa?

Bazazzage: Gyara aka ba ni.

Bakano: Na laftof ne. Ka ajiye a aljihu ka riƙa sakace.

Bafillace: Shi ram ɗin me yake yi ne, kama ɓarawo?

Bakano: Faifan aiki ne Jauro, in faifanka na da faɗi ka baza tsaba da yawa ka tsince lokaci guda. In ya shiga raminsa daidai zai ce ƙas, ya zauna ram.

Bazazzage: To shikenan a bar ram da furosesa, a canza bod ɗin kawai, na ji ai Intel ɗin yana cin DDR5.

Bakano: A nan ka yi gaskiya, su biyun sun jitu in ka samo bod ta LGA1700 mai ramin DDR5, irin su H610 akwai mai huɗu akwai mai biyar sai ka karanta kwali. Amma ka ga harafin F ɗin nan a wutsiyar sunanta?

Bazazzage: Fas kenan, mai gudu.

Bakano: F ɗin da ka saba gani a jarrabawa dai. Ma'anarta babu hoto a cikinta, ka haɗa komai fanka na juyawa fitila na ƙyalli amma allo baƙi ƙirin, sai ka sayi katin girafik daban, shi kuma kuɗinsa kaɗai zai sa matarka "ya" koma gidansu. Shi ya sa ka same ta da araha.

Bazazzage: Ikon Allah. To wanne ne mai sauƙin?

Bakano: Riƙe bod ɗinka. Mu nemo Ryzen 5 5600G, ita G ɗin nan hoto ne a cikinta, AM4 ce, wat 65 take ci, in sabuwa ce a kwali har fankarta take zuwa da ita. Sai dai B450 ta girme ta, in tsohon bayos ne a kai, wato manhajar da ke cikin bod ɗin, sai an sabunta kafin ta gane baƙuwar, wannan ni zan yi maka, kuɗin shayi kawai. Ram kuma DDR4 giga 8 guda biyu, kar ka sayi 16 ƙwaya ɗaya, don hoton 5600G daga ram yake ɗiba, hanya biyu ta fi ɗaya gudu.

Bafillace: Shanun huɗa ma bibbiyu ake ɗaurawa.

Bakano: Ka ji Jauro da ko boko bai yi ba. Saura fawa.

Bafillace: Fawa? Har mahauta ke ciki? Ni na tashi.

Bakano: Zauna, akwatin wuta nake nufi. Kai Bazazzage wannan da aka rubuta wat 800 ba suna ba lamba, ɗaga ka ji, fanke ya fi shi nauyi. Ranar da aka kawo wuta da ƙarfi shi zai tafi ya ja bod da furosesa su raka shi. Wat 450 na kamfanin kirki mai tambarin 80 Plus ya ishe ka har da canji, nan ne wurin da ba a rowa. Kesin ɗin kuma na tsohuwar kwamfutar ofis ne siriri, bod ɗinka cikakkiyar ATX ce, ko ƙofa ba za ta wuce ba.

Bazazzage: To wai a buhun nan kaf me ya yi daidai?

Bakano: Bod, da SSD ɗin nan na ajiyar bayanai, shi kam samfurin M.2 ne zai zauna. Sai buhun, buhun ma mai kyau ne.

Bazazzage: Allah ya isa tsakanina da wanda ya sayar mini, bari ma ka ga rasit, yaron ko kunya babu ya ce duk za su hau.

Bakano ya karɓi rasit ya ƙura masa ido, ya yi tari, ya ninke shi huɗu.

Bafillace: Miƙo mu gani, wannan hatimin ba irin na jikin allon shagon nan ba ne?

Bakano: Reshenmu ne na Farm Centre, ƙanena ke zama. Kuma ai bai yi ƙarya ba, duk za su hau, kowanne a kwamfutarsa. Yanzu dai ka bar mini furosesar da DDR5 ɗin a rabin kuɗi tunda sun zama na hannu, ka yi ciko.

Bazazzage: Na hannu? Ko kunna su ba a yi ba!

Bakano: Ba a hannunka na gan su ba? Jauro, ba ka son kwamfuta a ruga? Ga wasu kaya yanzu suka sauka daga Dubai.

Bafillace: Cire mini wayata, ko kashi 40 ne ya isa.